Tsatsa a Ƙafar Alƙalin Wasa

Tun yana yaro shi gwanin gudu ne, amma ƙwallo ba ta taɓa yi masa biyayya ba. In aka turo masa ita sai ta zame masa kamar sabulu a hannun mai wanka. Saboda haka duk lokacin da yaran unguwa suka raba 'yan wasa, shi ake bari a ƙarshe, har wata rana babbansu ya ce tun da dai ba ya gajiya kuma bakinsa ba ya shiru, a ba shi usur ya riƙa raba gardama. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace. Alƙali ake ce masa a fili, Alƙali a makarantar da ya zama malamin motsa jiki, har matarsa ma in ta so tsokana sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Alƙali, a busa a tashi mana, abinci na hucewa."

Mutum ne mai tsari, har ya yi yawa. Baƙar rigarsa da gajeren wandonsa shi yake goge su da kansa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Takalmansa na fili suna da mazauninsu a bayan ƙofa, kowanne da takarda cushe a ciki don kada ya lanƙwashe. Ya fara busa a filayen bayan gari inda duwatsu ne ragar, ya hau zuwa gasar makarantu, ya hau zuwa gasar ƙungiyoyin gari, yana hawa a hankali kamar mai hawan tsani da kaya a ka. An zage shi, an jefe shi da ledar ruwa, an taɓa kulle shi a ɗakin canja kaya har 'yan kallo suka watse, duk bai fasa ba. Abu ɗaya ya rage masa, wato wasan ƙarshe na cin kofi a babban fili. Ya haura arba'in, kuma ya san ƙafa ba ta jira. A farkon wata kakar wasanni Shugaba, wato mai raba wa alƙalai wasanni, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bana taka ce, in Allah ya yarda."

A wannan kakar ce abin ya fara.

Wata yamma ya dawo daga fili ya tsoma ƙafafunsa cikin roba da ruwan ɗumi kamar yadda ya saba. Matarsa ta zo wucewa da wanki ta tsaya.

"Malam, me ka taka?"

"Me kika gani?"

"Ga shi nan a idon sawunka. Kamar an barbaɗa garin barkono."

Ya duba. 'Yan ɗige-ɗige ne ƙanana, jajaye-jajaye, sun taru wuri ɗaya. Ya goga da soso, ba su fita ba. Ya ce safa ce ta matse shi, ya manta da zancen. Amma su ba su manta da shi ba. Kafin wani lokaci sun haɗe sun zama tabo, tabon ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu da sirkin shunayya, ya fi fatarsa duhu, ya kama ɗaya ƙafar ita ma, ya fara hawa ƙwauri. Ba ciwo, ba kumburi, ƙaiƙayi ma sai jefi-jefi. Wannan ne ya fi ba shi haushi. Da ciwo yake yi da ya san da wa yake faɗa.

Mai kemis ya ce makero ne, ya ba shi man shafawa. Ya shafa har bututun ya ƙare. Ya koma, mai kemis ya sake dubawa ya ce to kirci ne, ya ba shi wani mai ƙarfi wanda ya sa gashin ƙafar ya zube, tabon kuwa ko gezau. A asibitin unguwa likita ya ɗaga ƙafar wandon da bakin biro, ya tura shi gwajin suga da na jini da na ƙoda. Duk suka fito lafiya lau.

"To, alhamdu lillahi, ba ka da komai," in ji likitan.

"Likita, wannan fa?"

"Ka sa masa ido."

"Ai idona a kansa yake kwana. Shi ya sa na zo."

Likitan ya yi dariya ya kira na gaba.

Yayarsa, wadda ta goye shi yana jariri kuma har yau take yi masa magana kamar bai sauka daga bayan ba, ta ji labari ta zo da jaka cike. Akwai saiwa ta jiƙawa, akwai gari na kwaɓawa da mai, akwai wani baƙin ruwa a gora da ta ce wata maƙwabciyarta ta sha ta warke daga abin da ya fi wannan.

"Bakin mutane ne," in ji ta. "Kai kullum kana tsakiyar jama'a da ƙafafu a waje kamar zalɓe, kana ba 'ya'yan mutane jan kati. Kana tsammanin uwayensu addu'ar alheri suke yi maka?"

"Yaya, doka ce."

"To ga dokar nan ta fito maka a ƙafa. Miƙo nan."

Ya miƙa, don ba a musu da ita. Ta shafe shi da kwaɓin har gwiwa, ɗakin ya ɗauki wari kamar an ƙona tsohuwar taya. Kwana biyu fatar ta yi bororo ta saluɓe. Da ta warke, tabon na nan daram, har ya ƙaru da sabon zane a inda maganin ya ci. Yaya ta ce alamar yana aiki ke nan.

Duk wannan lokaci safa ce ta rufa masa asiri, domin safar alƙali har gwiwa take kaiwa. Ya daina canja kaya tare da mataimakansa, sai ya zo daga gida a shirye. In zai yi alwala ya nemi famfon da ke lungu. Ya zama mai kallon ƙafarsa kowace safiya kamar manomi da gona, sai dai shi addu'arsa kada ta tsiro. Ta tsira. Wata safiya ya ja safa har iyakarta, ya ga tabon ya leƙo sama da ita, ya zagaye gwiwar dama ya kama hanyar cinya. Tsakanin bakin safa da bakin wando akwai tazarar tafin hannu, kuma nan abin ya zaɓa ya baje.

A wani wasan kusa da na ƙarshe ne aka gani. Akwai wani koci da ake kira Mai Tumbi, wanda Alƙali ya taɓa kora daga benci saboda zagi, kuma bai yafe ba. Da aka zo gaisawa kafin a fara, Alƙali ya miƙa masa hannu. Mai Tumbi ya kalli gwiwarsa, ya ɗago ya kalli fuskarsa, ya mayar da hannunsa aljihu.

"A yi haƙuri, ina da ƙananan yara a gida," ya ce, da ƙarfi yadda 'yan wasa za su ji.

Alƙali ya busa wasan har ƙarshe ba kuskure ko ɗaya, amma ya lura kyaftin-kyaftin ɗin ba su zo musabaha ba, kuma wanda ya saba miƙo masa gorar ruwa a hutun rabin lokaci ya ajiye ta a ƙasa ya ja da baya. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo an ce kuturta ce, an ce ciwon suga ne za a yanke ƙafar, an ce wata cuta ce da ba a faɗin sunanta, masu faɗin haka kuwa har da rage murya da ɗaga gira. A makaranta hedimasta ya kira shi ofis ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce wasu iyaye sun yi magana, ko zai riƙa sa dogon wando, kuma in yaro ya faɗi ya bar wani malami ya ɗaga shi.

Sannan Shugaba ya kira shi. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matattakalar babban fili, cike da tsofaffin tutoci da ƙwallayen da suka sace.

"Ka san ni da kai ba ta ɓaci," in ji Shugaba. "Amma ƙungiyoyi sun kawo ƙorafi. Ka je ka ga likitan fata, ya tabbatar mana ba abin da ake ɗauka ba ne. Da ka kawo takarda, wasan kofi naka ne."

"Ranka ya daɗe, matata da 'ya'yana kullum muna tare, ba wanda ya ɗauka."

"Na yarda da kai. Su ne ba su yarda ba."

Likitan fata guda ce a babban asibiti, kuma rana ɗaya take zama a mako. Zuwan farko aka ce ta tafi taro. Na biyu layi ya ƙare kafin a kai gare shi, bayan ya wuni a kan benci tsakanin wani tsoho mai susa da wata mata da ta yi ta ba shi labarin ƙurajen jikanta. A na uku ya shiga. Mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta sa shi ya tuɓe wando ya tsaya a haske, ta danna tabon da ɗan gilashi tana leƙawa, ta tambaye shi aikinsa da magungunan da yake sha. Ita kaɗai ce a cikin duk masu dubawa ta taɓa ƙafar da hannunta. Ta yi masa allurar kashe wuri, ta yanki fata kamar ƙwayar wake, ta ɗinke, ta ce za a aika da ita gwaji wani gari, ya jira.

Yana cikin jira aka buga wasan ƙarshe. Wani yaro da shi ya koya masa riƙe tuta aka ba. Alƙali bai je ba. Ya zauna a tsakar gida yana wanke takalman da ba su yi datti ba, ihun fili yana zuwa masa a iska, matarsa tana kai da kawo a hankali kamar a gidan makoki.

Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce a ƙarƙashin fata akwai jijiyoyin jini ƙanana, sun fi gashi siranta. Nasa na ƙafa suna ɗan yoyo. Jinin da ya fita jiki yana shanye shi, amma sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana zama a wurin ya rina fatar, kamar yadda ƙusa ke barin tsatsa a jikin farin yadi. Ta faɗi sunan abin da Turanci, dogo mai gaɓoɓi, ta ce ba kasafai ake ganinsa ba, ita ma a duk aikinta ba ta ga masu yawa ba.

"Ba a ɗaukarsa. Ba ya kisa, ba ya kai ga yanke ƙafa. Ka gode wa Allah."

"Na gode masa. Me ya kawo shi?"

"Ba a sani ba tukuna. Yawan tsayuwa da gudu kan ƙara shi ga wasu."

"Maganin fa?"

"Akwai abubuwan da ake gwadawa. Zan rubuta maka ƙwayoyi da safa mai matsewa, ka riƙa ɗaga ƙafa in ka huta. Wani yakan ga sauƙi, wani ba ya gani. Yana iya dushewa da kansa, yana iya dawowa. Ba zan yi maka alkawarin da ba ni da shi ba."

Ya zo da shirin jin mugun labari, har ya tsara yadda zai gaya wa matarsa. Bai zo da shirin wannan ba.

"Likita, wato kina nufin ba ni da lafiya, kuma lafiyata ƙalau."

"Kusan haka ne."

"An hana ni aikina, an ƙi hannuna, yaran makaranta suna kaucewa in na zo wucewa, a kan abin da ba komai ba ne?"

"Wannan ɓangaren ba ni da maganinsa," in ji ta, kuma ya ga da gaske take ba ta ji daɗi ba.

Ya kai wa Shugaba takardar da likitar ta rubuta masa. Shugaba ya karanta, ya juya bayanta, ya yi hamdala, har ya tashi ya rungume shi. Sai kuma ya koma ya zauna ya fara gyaran murya. Ya ce takarda ta wanke shi, amma ido ba ya karatu. Ya ce yanzu ana ɗaukar wasanni a waya ana yaɗawa, masu tallafa wa gasa kuma suna da nasu ra'ayi. Ya ce dama suna neman gogaggen mutum da zai riƙa zama a tebur a bakin fili yana duba aikin ƙananan alƙalai, kuma wa ya fi shi? Girma ne, ƙarin matsayi ne.

"Da dogon wando," in ji Alƙali.

"Ai teburin haka ake zamansa."

Ya dawo gida yana huci. Matarsa ta bari ya gama zagaye tsakar gida, sannan ta ce, "Malam, ni fa tun da aka ce ba za a yanke ba na samu barci. Ƙafar nan ni nake ganinta kullum, ban ce komai ba."

"Ke ba ki gane ba."

"Na gane. Kai ne kake son a ce maka ciwo ne babba don haushinka ya samu wurin zama."

Ya san ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ba ta rage masa komai ba. Yaya kuwa da ta ji an ce babu magani sai ta tafa hannu ta ce ai dama ta faɗa, abin ba na asibiti ba ne, ta tashi za ta nemo wata saiwar. Ranar ce ya fara ɗaga mata murya tun da aka haife shi. Ta yi fushi, ta yi wata guda ba ta tako gidan ba, sai da ya je har ɗakinta ya durƙusa.

Ya karɓi teburin. Ya yi kaka guda yana zaune ƙarƙashin laima, ƙafafunsa cikin safar likita suna gumi, yana kallon yara suna busa abin da ba laifi ba suna barin laifi yana wucewa a gabansu. In an yi satar gida ba a ɗaga tuta ba, sai ka ga ƙafarsa ta motsa ƙarƙashin tebur. Ya zama mai tsanani, ƙananan alƙalai suka riƙa tsoron ranar da aka haɗa su da shi. A gida ma fara'arsa ta ragu.

Wata Asabar ana wasa mai zafi tsakanin ƙungiyar Mai Tumbi da abokan gabarsu, fili ya cika maƙil. Ana gab da hutun rabin lokaci alƙalin ya juya da gudu, tsokar cinyarsa ta tsinke, ya zube. Mataimakan biyu sababbi ne, ba wanda ya taɓa riƙe usur a irin wannan taro, na ukun da ya kamata ya zo kuma babur ɗinsa ya mutu a hanya. 'Yan kallo suka fara bubbuga kwano. Shugaba ya sauko daga mazauninsa gumi na keto masa, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ƙaraso tebur.

"Alƙali, ka rufa mana asiri."

"Ido fa, ranka ya daɗe?"

"Don Allah ba yanzu ba."

Kayan wanda ya ji ciwon ya ara. Yaron gajere ne, wandon da ƙyar ya rufe rabin cinya, safar kuma ta tsaya ƙasa da gwiwa. Haka ya fito, tabon nan shimfiɗe tun daga ƙwauri har sama, rana na dukansa. Ya ji fili ya ɗan yi tsit. Ya busa.

Minti kaɗan ƙafafun suka tuna aikinsu. Ana saura ƙiris a tashi, mai tsaron bayan Mai Tumbi ya kwashe ƙafar ɗan gaba a cikin da'ira, Alƙali na tsaye taku kaɗan daga wurin. Ya nuna fenariti. Rabin fili ya tashi a kansa. "Makaho!" "An saye ka!" "Je ka sayi tabarau!" Ledar ruwa ta fashe a kafaɗarsa. Mai Tumbi ya keta layi ya shigo har gabansa, ya cafki hannunsa da hannu biyu yana jijjigawa yana rantsuwa ba a taɓa yaron ba, yawunsa na fantsamar masa a fuska. Alƙali ya dubi hannun da aka riƙe, ya zare shi a hankali, ya ciro jan kati. A duk zagin da aka yi masa ranar, ya kasa kunne sosai, bai ji wanda ya ambaci ƙafa ba.

Ya dawo gida da kayan aro a jikinsa, muryarsa a dishe, ya ci abinci har da neman ƙari. Ya ɗauka magana ta ƙare. Ranar Litinin Shugaba ya kira ya yi masa godiya mai yawa, ya ce ya fitar da su kunya, sannan ya ce Asabar mai zuwa teburinsa yana jiransa a fili na biyu.

"Amma kowa ya gani, ba abin da ya faru."

"Haka ne. Sai dai ka ga an riga an tsara na bana, kuma akwai batun shekaru. Bari mu ga baɗi."

Baɗi ta zo, aka ce a ba yara dama. Ya ajiye teburin da kansa, ya koma filayen bayan gari inda ba Shugaba ba masu tallafi, duk wanda ya zo da usur shi ne alƙali. Can yake busawa har yanzu, da gajeren wando, a gasar makanikai da ta 'yan kasuwa. Tabon ƙafar hagu ya dushe har ya kusa ɓacewa, na dama ya ƙara duhu, kuma ba wanda ya san dalilin ko ɗaya daga ciki. Ya daina shan ƙwayoyin, safar likita kuwa sai in zai yi doguwar tafiya. Kusan kowane mako sai wani ya tare shi bayan wasa ya ce ya san mai maganin irin wannan. A da yakan tsaya ya yi bayanin jijiyoyi da tsatsa. Yanzu sai ya ce ya gode, ya tura babur ɗinsa ya tafi.